Kurciya: Yadda ake gane ta da yadda take rayuwa a Barnawa

Da wuya a samu mazaunin Barnawa, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, da zai wuni bai ga kurciya ba ko bai ji kukanta ba. Da sassafe tana kan wayar lantarki lokacin da ma'aikata ke haramar fita ofis. Da hantsi tana gindin teburin masu awo tana tsintar abin da ya zube daga bakin mudu. Idan rana ta take kuma sai ta koma cikin inuwar mangwaro ko darbejiya.

Sai dai yawan ganin abu daban, saninsa daban. Akasarin mutane duk tsuntsun da suka gani mai ƙirar tattabara, matuƙar ba na kiwo ba ne, kurciya suke ce masa. Alhali kuwa a cikin garin Kaduna da kewayensa akwai 'yan wannan dangi aƙalla iri shida, kowanne da kamanninsa da kukansa da wurin da ya fi son zama. Rarrabe su yana da amfani, domin wanda bai san bambancin tsuntsaye ba, ba zai lura da ranar da ɗayansu ya fara ƙaranci ba.

Sunanta da inda ake samun ta

Dangin kurciya da tattabara babban dangi ne, masana sun ƙididdige sama da iri 300 a faɗin duniya. Wadda aka fi gani tana kiwo a ƙasa a tsakar gidajenmu ita ce masana ke kira Spilopelia senegalensis. Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya ba ta sunan kimiyya a 1766, kuma kashi na biyu na sunan yana nuni ne ga ƙasar Sanagal, inda aka samo wadda aka fara siffantawa. Turawan Ingila kuwa suna kiran ta da sunan da ke nufin "kurciya mai dariya", saboda yadda kukanta yake.

Ana samun ta a kusan dukkan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, in ban da cikin ƙungurmin daji mai duhu, sannan a Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa har zuwa Pakistan da Indiya. A ƙarshen ƙarni na 19 an kai ta birnin Perth na Yammacin Ostareliya, ta yi zamanta ta hayayyafa, har yau tana can. Duk inda aka same ta, halinta ɗaya ne: tana son kusantar mutane, tana son busasshiyar ƙasa mai bishiyoyi jefi-jefi, kuma ba ta nisa da ruwa.

Alamomin da ake dubawa

Kurciya ƙaramar tsuntsuwa ce siririya. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen jela kimanin santimita 25 ne, wato taƙi ɗaya da 'yar ɗoriya, nauyinta kuwa yana kaiwa wajen giram 100. Kanta da ƙirjinta ruwan hoda ne mai sirkin shuɗi kaɗan, bayanta ruwan ƙasa ne mai ja-ja, cikinta kuma yana yin haske har ya zama fari a ƙarƙashin jela. Bakinta baƙi ne siriri, idonta mai duhu, ƙafafunta jajaye.

Alama ta farko da ta fi kowacce ƙarfi tana wuya. A gaban wuyanta da gefensa akwai wani faci ruwan jan ƙarfe mai baƙin ɗige-ɗige, kamar an ɗaura mata sarƙa. Abin da ke jawo wannan zane shi ne gashin wurin a tsage yake gida biyu daga baki, sai baƙin gindinsa ya riƙa leƙowa ta tsakanin tsagin. A bayan wuyanta kuwa babu komai. Wannan ya kamata a riƙe da kyau, domin a nan ne ta rabu da 'yan uwanta masu baƙin zobe a ƙeya.

Alama ta biyu ita ce faffaɗan layi ruwan toka mai shuɗi-shuɗi da ya bi gefen fiffikenta, wanda ake gani ko tana tafiya a ƙasa. Ta uku kuma sai ta tashi ake ganin ta sosai: jelarta doguwa ce, kuma gashin gefe da gefe yana da farin baki, ta yadda idan ta buɗe jela za ta sauka sai ka ga fari ya bayyana ta kusurwa biyu.

Mace da namiji kusan kamarsu ɗaya, sai dai launin namijin ya ɗan fi turuwa. Wadda ba ta gama girma ba kuwa launinta a dushe yake, kuma ba ta da ɗige-ɗigen wuya, shi ya sa wasu kan ɗauka wani iri ne daban.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Wannan karin magana ta yi daidai da dangin kurciya, domin sau da yawa kunne kan riga ido gane su. Kukan kurciyar gida a hankali yake fita, gaɓa biyar zuwa shida a jere, yana hawa sannan ya sauka, kamar mutum na ƙyalƙyala dariya a cikin maƙogwaro ko kamar tulu na cika a rafi. Ba ya da amo mai kaiwa nesa. Wanda ya saurare shi na 'yan kwanaki da niyyar ganewa ba zai ƙara rikita shi da wani ba.

'Yan uwan da ake rikita ta da su

Hasbiya ita ce mafi sauƙin warewa. Girmanta ya kai na tattabarar gida, tana da jan fata tsirara kewaye da ido, fukafukanta ruwan makuba ne masu farin ɗige-ɗige. Ta fi son saman dogayen gine-gine da tankunan ruwa da bishiyar giginya, kuma takan yi tafiya garke-garke.

Akwai kuma kurciyoyi biyu masu baƙin zobe a bayan wuya. Babbar cikinsu, mai jan ido, ta ɗara santimita 30, launinta ya fi duhu, goshinta ruwan toka ne mai haske, kuma ta fi son manyan itatuwa masu duhuwa da wuraren da ke kusa da ruwa, irin bakin Kogin Kaduna. Kukanta mai kauri ne, gaɓa shida, ana jin sa daga nesa. Ƙaramar kuwa, wadda masana ke kira Streptopelia vinacea, girmanta ya yi kusa da na kurciyar gida, amma launinta ya fi haske, ba ta da ɗige-ɗigen gaban wuya, kuma kukanta gajere ne da take maimaitawa da sauri ba ƙaƙƙautawa, musamman da tsakar rana. Ta fi yawa a gonaki da bayan gari.

Sai bardo, ƙaramin cikin dangin. Jikinsa bai wuce na babban gwara ba, nauyinsa wajen giram 40, amma jelarsa doguwa ce mai tsini. Namijin yana da baƙar fuska da baƙin maƙogwaro har zuwa ƙirji, bakinsa ja da rawaya, macen kuwa ba ta da wannan baƙin. Idan ya tashi sai ka ga ja a fukafukansa. Bardo ɗan busasshiyar ƙasa ne, ya fi yawa a wajejen Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, amma da rani yakan gangaro kudu.

Ta ƙarshe ita ce ƙaramar kurciyar kurmi mai baƙin baki. Gajera ce mai jiki a dunƙule, tsawonta wajen santimita 20, tana da 'yan ɗigo masu ƙyalli a fiffike da baƙaƙen layuka biyu a gadon bayanta kusa da jela. Tana da tsoro, ba ta cika shiga tsakar gida ba, sai a hanyoyin lambu da gindin duhuwa. Kukanta dogo ne, yana farawa a hankali sannan ya yi sauri yana sauka har ya mutu.

A taƙaice, idan ka ga kurciya a ƙasa, fara duba wuyanta. Ɗige-ɗige a gaba, ta gida ce. Baƙin zobe a ƙeya, ɗaya daga cikin biyun can ce, sai girma ya raba su. Idan babu ko ɗaya, sai ka duba jela da fiffike.

Cinta da shanta

Kusan duk abincin kurciya a ƙasa take samun sa. Ba ta tona ƙasa kamar kaza, ba ta kuma hawa zangarniya kamar jan baki da ke ɓarna a gonar gero. Tafiya take yi a hankali tana gyaɗa kai, tana tsintar 'ya'yan ciyawa da ƙwayar gero da dawa da acca da tsakin masara da duk ƙananan tsabar da suka faɗi. Wani lokaci takan haɗa da gara da wasu ƙananan ƙwari. Yawanci bibbiyu ake ganin su, ko ita kaɗai, sai fa inda abinci ko ruwa ya tara su, kamar bakin injin niƙa ko wurin sussuka.

Da yake ba ta da haƙora, ƙwayar takan fara sauka ne a wata jaka da ke ƙasan wuyanta, inda take jiƙa ta yi laushi, sannan ta wuce zuwa ƙundu. Ƙundun ne ke niƙa ta, da taimakon ƙananan tsakuwoyi da yashi da tsuntsuwar ke haɗiya da gangan. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganin ta a gefen titi da kan tulin yashin gini tana tsince-tsince a inda ido bai ga hatsi ba.

Shan ruwanta ma abin lura ne. Kaza da akasarin tsuntsaye sukan ɗebi ruwa a baki ne su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya da tattabara kuwa sukan tsoma baki su zuƙa a jere har su ƙoshi ba tare da ɗaga kai ba. Kuma saboda abincinta busasshe ne, tana bukatar ruwa a kai a kai, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara, tsakanin Nuwamba da Afrilu, lokacin da kududdufai suka ƙafe.

Sheƙa, ƙwai da nonon da uba ma ke bayarwa

Idan namiji na neman mace, yakan bi ta a ƙasa yana sunkuyar da kai, ya kumbura wuya har ɗige-ɗigen su fito fili, yana kuka. Yakan kuma tashi sama a miƙe yana tafa fukafukai, sannan ya baza su tare da jela ya sulalo ƙasa a karkace. Idan suka daidaita sukan zauna tare, su yi komai tare.

Sheƙar kurciya ba ta da wani fasali. 'Yan ƙirare ne da saiwoyi ake jerawa a kwance, sirara ƙwarai, har wani lokaci mai tsayuwa a ƙasa kan hango ƙwan ta tsakaninsu. Namiji ne ke kawo ƙiraren, mace na jerawa. Sukan yi ta a reshen mangwaro ko lemo ko darbejiya, ko cikin furannin da suka hau katanga, ko a kan dakalin taga, ko bayan na'urar sanyaya ɗaki.

Ƙwai biyu take yi, farare. Kwanci na ɗaukar kimanin mako biyu, kuma karɓa-karɓa ake yi: namiji ya fi yin na rana, mace ta kwana a kai. 'Ya'yan kan fito idanunsu a rufe, da ɗan gashi rawaya jefi-jefi, kuma bayan wasu mako biyun sukan bar sheƙa, ko da yake iyayen kan ci gaba da ciyar da su na ɗan lokaci.

Abin da ya fi ban mamaki a rayuwar wannan dangi shi ne abincin jariran. A kwanakin farko ba sa iya cin ƙwaya. Sai fatar cikin jakar nan ta wuyan iyayen ta yi kauri, ta riƙa fitar da wani abu fari mai kama da cuku, mai yawan maiƙo da sinadarin gina jiki. Ɗan yakan cusa bakinsa cikin na uwar ko uban ya sha. Masana suna kiran sa nonon tattabara, kuma sinadarin furolaktin da ke sa nono ya kawo wa mace mai shayarwa, shi ne ke tayar da shi a jikin tsuntsun, mace da namiji baki ɗaya. Bayan 'yan kwanaki sai iyayen su fara gauraya shi da jiƙaƙƙiyar ƙwaya, har a yaye su.

Wannan baiwa ce ta sa kurciya ba ta jiran damina kafin ta yi ƙwai. Tsuntsaye da yawa sai lokacin da ƙwari suka yawaita suke iya ciyar da 'ya'yansu, ita kuwa muddin akwai tsaba da ruwa, tana iya hayayyafa a kowane wata, sau da yawa a shekara guda. Haka take cike giɓin asarar da take yi, domin iska kan zubar da sheƙar, hankaka da maciji da mage kan cinye ƙwai da 'ya'yan, shaho kuma kan ɗauki manyan. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa jaririn kurciyar da yara suka ɗauko daga sheƙa da wuya ya rayu, ko da an cusa masa gero da ruwa.

Kurciya a bakin mutane

A Hausa idan mutum ya bar gida ya shiga duniya ba a san inda ya nufa ba, akan ce "an yi masa kurciya", wato an yi masa sammun da ya hana shi zama. Wannan camfi ya sa wasu na kallon tsuntsuwar da wani ido. Amma halin kurciyar gari ya saɓa wa wannan suna da aka laƙaba mata. Mazauniya ce, takan riƙe unguwa ɗaya, har ma takan sake yin ƙwai a wurin da ta taɓa yi idan ba a tsangwame ta ba. A wasu al'adun kuma alamar zaman lafiya ce, abin da ya samo asali daga labarin Annabi Nuhu kamar yadda ya zo a Littafi Mai Tsarki, inda kurciya ta komo jirgi da ganyen zaitun.

Abin da ke sauyawa a unguwa

Zaman kurciya a wuri ya dogara ne ga ƙasar da za ta yi kiwo, da bishiyar da za ta yi sheƙa, da ruwan da za ta sha. Tsofaffin gidajen Barnawa, irin na rukunin gidajen ma'aikata masu fili gaba da baya, sun tanadar mata duka ukun ba tare da an yi niyya ba. Yanzu kuwa duk mai bin titunan unguwar yana ganin yadda gidaje ke komawa rukunin shaguna da otal-otal da makarantu. Akan sare mangwaron da ya shekara talatin don a samu wurin ajiye mota, a shafe tsakar gida da siminti ko a jera bulon ƙasa daga ƙofa har katanga, sauran ciyawar da ta rage kuma a fesa mata magani.

A lissafin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, kurciyar gida tana cikin rukunin da babu fargaba a kansu. Amma tarihi ya nuna cewa yawa ba ya hana ƙarewa. A Amurka ta Arewa an taɓa yin wata irin tattabarar daji da yawanta ya kai biliyoyi, garkenta kan rufe rana idan yana wucewa. Farauta da sare dazuzzuka suka gama da ita, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Kurciyar Turai, wadda ke ƙetare Sahara duk shekara ta yi hunturu a yankin Sahel, ta ragu har aka sanya ta cikin masu fuskantar barazana a 2015.

Ba ma sai an je nesa ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa a garuruwan Arewa. Yau yaro kan girma a Kaduna bai taɓa ganin ta ba, kuma a 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ba a yi shelar tafiyarta ba, an wayi gari ne kawai babu ita.

Abin da magidanci da ɗan kasuwa za su iya yi

Mai gini ko gyaran gida zai iya barin bishiya ɗaya ko biyu, da ɗan fili a gefen katanga da ba a shafe ba. Amfanin wannan bai tsaya ga tsuntsu ba, domin inuwa na rage zafin gida, ƙasa kuma na shanye ruwan sama maimakon ya kwarara kan titi. Idan za a yi wa bishiya aski, a fara leƙawa ko akwai sheƙa. In akwai, haƙurin wata guda ya isa 'ya'yan su tashi.

Da rani ana iya ajiye ruwa a faffaɗan kasko marar zurfi, a inda mage ba za ta samu maɓoya ba. Sai dai a riƙa zubar da shi ana wanke kaskon kullum, saboda sauro, da kuma wata cutar maƙogwaro da masu kiwon tattabaru suka sani, wadda ke yaɗuwa ta wurin shan ruwa tare.

Masu sayar da hatsi su kula da maganin ɓera da ake gaurayawa da tsaba. Idan aka watsa shi a fili, kurciya da kajin maƙwabta ne za su riga ɓeran ci. Haka nan irin shuka da aka cuɗa da magani, kada a bar ragowarsa a zube. Hatsin da aka shanya don ci kuma a sa masa ido ko a rufe shi da raga, domin kashin tsuntsu na iya gurɓata abinci.

Kada a ci tsuntsun da aka tsinta a mace, ko wanda aka gani yana layi. Idan kuma aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu a wuri ɗaya, kada a taɓa su da hannu, a sanar da likitocin dabbobi. Jihar Kaduna ta san muhimmancin wannan, domin a wata gonar kaji da ke Jaji ne aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006.

Iyaye kuma su ja kunnen yara game da harbin danko da kwasar 'ya'yan tsuntsu. Idan an tsinci wanda ya faɗo bai yi gashi ba, a mayar da shi sheƙarsa, iyayen za su karɓe shi. Wanda ya riga ya yi gashi yana tsalle-tsalle a ƙasa kuwa, a ɗora shi a reshe a bar shi, iyayensa na kusa.

Ga mai son ya wuce nan, tun 2015 Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos take jagorantar aikin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke rubuta irin tsuntsayen da suka gani a yankunansu su aika ta wayar hannu. Ba a bukatar digiri kafin a shiga, kuma rahoton kurciyar da aka gani a tsakar gida a Barnawa ko Narayi ko Kakuri yana da daraja a wurinsu kamar na tsuntsun da aka gani a dajin Kamuku. Da irin waɗannan rahotanni ne za a iya sanin ko tsuntsun da ake gani kullum yana nan yadda yake ko ya fara ja da baya, tun da sauran lokacin yin gyara.